Masu fawa tila, ya kuke yanka kuɗin aiki?

Sabon Shiga: Slm 'yan uwa. Na sayi ƙaramar fawa tila, wato injin kaftun gona da ake riƙewa da hannu, wata biyu kenan, ina yi wa mutane kaftun lambu da ƙananan gonaki a bayan gari, aiki kam akwai shi amma in na cire kuɗin mai da na yaron da ke tayani sai in ga kamar sadaka nake yi. Ya kuke yi ne, jinga ko kuɗin wuni?

Na Kadawa: Wslm. Malam kar ka kuskura ka yi ciniki a waya. Ni an taɓa kirana wai rabin eka ce, na faɗi kuɗi, da na je wlh ta kusa eka guda kuma laka ce ta bushe ƙamas, ga ciyawar ƙiri-ƙiri ta cinye ko'ina, sau uku ina bi kafin ƙasa ta yi laushi, mai gonar kuma ya tsaya kan ai mun gama magana. Tun ranar sai na taka gona da ƙafata na auna da waya. Hekta mita 100 ce sau 100, wajen eka biyu da rabi, amma mutanenmu kowa da irin ekarsa a ka. Gonar jigawa mai yashi kuɗinta daban, laka daban, in kuma za a fitar da fangali, wato kwamin ban ruwa, wannan wani cinikin ne.

Bakanike: Abin da kuke mantawa shi ne ƙarfe yana ci. Haƙoran injin masu kaftar ƙasa suna sudewa, bel yana tsinkewa, ga juyen baƙin mai. Duk aiki ka ware wani abu a gefe, in ba haka ba ranar da ta tsaya sai ka ci bashi kafin ka kawo min ita.

Baban Ummi: Ni tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya haura 500, na daina haɗa mai a ciniki. Mai gona ya zuba mai, ni ya biyani kuɗin inji da gumi. Rigima ta ragu sosai, sai dai ka kula da man bumburutu, wani gauraye ne.

Uwar 'Yan Biyu: To ku ji ta ɓangarenmu mu masu lambun gida. Filina ko fuloti bai cika ba, alayyahu da latas ne kawai, amma aka ce min kuɗin ɗauko inji a Keke Napep ya fi na aikin. Sai na haɗa maƙota huɗu aka yi mana rana ɗaya muka raba.

Na Kadawa: Hajiya kin yi dabara. Sabon Shiga ka sa mafi ƙarancin kuɗin fita komai ƙanƙantar fili, kuma ka karɓi kafin alƙalami. Masu cewa sai an girbe tumatir, har yau ina bin mutum biyu na bara.

Sabon Shiga: Na gode. Wayar da kake awo da ita fa, ko wace iri ce tana yi?