Zanen Kwana Ɗaya: Horon Hannu ne ko Karya Kasuwa?

Autar Samaru: Salamu alaikum jama'a. Ga shawarar da na zo da ita. Daga ɗaya ga wata mai kamawa, kowannenmu ya riƙa yin zane ɗaya kullum har kwana 30, komai ƙanƙantarsa. In mun cika, kowa ya zaɓi biyar mu yi musaya tsakaninmu, ba maganar kuɗi. Irin wannan zanen kullum ne ake yi duk watan Oktoba da sunan Inktober. Wani mai zane ɗan Amurka, Jake Parker, shi ya fara a 2009 don ya gyara hannunsa a aikin tawada, yanzu ko'ina ana yi. Wa zai shiga?

Baba Mai Fenti: Wa alaikumus salam. 'Yata, ban da ni, kuma ba zan ɓoye dalili ba. Tun ina saurayi nake riƙe da buroshi a Kano, daga allon shago zuwa bayan tifa zuwa hoton da ake ratayewa a falo. Abin da na sani shi ne zanen kwana ɗaya yana koya wa hannu tsayawa kafin aiki ya ƙare. Fentin mai sai ya kwana biyu, uku, wani ma mako, kafin ka ɗora masa wani a kai. Wanda ya saba gamawa kafin magariba ba zai iya wannan jiran ba. Musayar kuma karya kasuwa ce. Na taɓa ba wani abokina hoton Dutsen Dala kyauta, ya rataye a shagonsa. Wata biyu bayan nan wani ya zo yana son irinsa, na faɗa masa kuɗi, ya ce, "Ai na ji kyauta kake bayarwa." Har yau maganar tana yi mini ciwo.

Malamin Aji: Baba, ranka ya daɗe, a kan fentin mai gaskiyarka ne. Amma ni da nake koyar da zane a sakandare a Jos, abin da nake gani daban ne. Yaron da ya iya zana kofi da inuwarsa a watan Yuli, in ya dawo hutu a Satumba, sai ka ga bakin kofin ya zama kamar ƙwai da aka taka. Ido bai manta ba, hannu ne ya yi nauyi. Wanda kuwa ya riƙa ɗan zane a bayan littafi ko minti goma ne a rana, yana dawowa ka gane shi. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Baba Mai Fenti: Malam, wannan gwaji ne, ni ma ina yi. Ban hana gwaji ba. Cewa na yi kada a kira shi aiki, har a ɗauka a ba wani.

Malam Mai Zayyana: Ku ba ni dama in sa baki, don wannan abin da ake cewa ya zo daga Amurka, mu a tsangaya muka tashi a cikinsa. Ni da hannuna nake haɗa tawada: a kankare baƙin tukunya ko a niƙa gawayi lukui, a jiƙa ƙaro a zuba, a tace. A fiƙe alƙalami, a ɗan tsaga bakinsa don ya riƙe tawadar. Kullum ta Allah sai an rubuta allo, in an biya an haddace, a wanke, a shafa masa farar ƙasa, a sake wani. Shekara da shekaru haka. Duk mai hannun da kuka gani yana fitar da harafi kamar an auna da zare, to alluna dubbai ya wanke.

To amma ga inda nake tare da Baba. Allon kullum wanke shi ake yi. Ba wanda ke ɗaukarsa ya zaga gari da shi. Wanda ake zagawa da shi shi ne allon zayyana na ranar sauka, shi kuwa zama ake yi masa. Ni nakan ɗauki kwanaki a kan guda ɗaya, sai ja ya bushe sarai zan sa rawaya kusa da shi, in ba haka ba su cuɗe. Matsalar wannan tsari naku ita ce kuna so allon kullum ya zama allon zayyana.

Autar Samaru: Allah ya gafarta Malam, maganar ta shige ni. Amma in faɗi gaskiya, in ba don na san akwai masu jiran gani ba, ba zan kai kwana goma ba. Bara na gwada ni kaɗai. Rana ta tara na zauna da takarda a gabana tun bayan la'asar har aka kira isha'i, kaina fayau, ba abin da ya zo. Ga hunturu, fentin akirilik yana bushewa a kan faranti kafin in gama haɗa kala, takarda kuma tana tanƙwarewa. Na ajiye, na ce gobe. Goben nan ta kai ni wata huɗu. Almajiri yana da malami a kansa da 'yan'uwa a gefensa, duk suna rubutu lokaci ɗaya. Ni a ɗaki nake ni kaɗai. Ku ne tsangayata.

Anti Mai Lalle: Auta, kin faɗi abin da ke raina. Ni aikina ma mako biyu yake a fata ya gushe, kuma ban taɓa jin ya rasa daraja don haka ba. Kullum da safe kafin kowa ta zo, sai na cika takarda ɗaya da fure da ganye, don ranar amarya ba a koyo a hannun mutane.

Baba, maganar musaya kuma, da girmamawa, kyauta daban, musaya daban. Abokinka bai ba ka komai ba shi ya sa. Wannan ba ni gishiri in ba ka manda ne. Mu mata mun san biki: in kawo miki yau, ki kawo mini gobe, ba wadda ke cewa kayanta sun faɗi daraja. Akwai wata 'yar Sudan da muka zauna unguwa ɗaya a Kaduna, ta ba ni littafin zanenta na baƙin lalle, na ba ta nawa mai dagi da zanen hula da na mayar na ƙafa. Rabin abin da nake ci da shi yau daga littafin nan ya fito. Da kuɗi na nema, ba za ta sayar ba.

Ɗan Damagaram: Barkanku da dare. Musayar ma tana da asali a wajen masu zane. A 1997 wani mai zane a Zurik ta ƙasar Suwizalan, Vänçi Stirnemann, ya fara ta da ƙananan katuna, faɗi inci biyu da rabi, tsawo uku da rabi, kamar katin karta. Ƙa'idarsu ita ce ba a sayarwa, sai dai a yi musaya. Ƙanƙantar tana da amfani, don ba wanda zai ce katin da ya shiga aljihu ya hana shi sayen hoton falo.

Amma Baba, ni na ɗanɗana abin da kuke tsoro. Na taɓa shiga irin wannan da wasu. Na zauna na zana ƙofofi biyar na tsoffin gidajen unguwar Birni, kowace da adon ginin da ke samanta, na biya direba ya tsallaka da su iyaka. Biyu suka dawo mini. Da na shafa ɗaya da yatsa sai na ji sumul, ashe na inji ne, an ɗan goga masa kala a gefe. Ban sake shiga ba.

Baba Mai Fenti: Yauwa. To wa zai auna? A kasuwa kuɗi ne ma'auni, ko an cuce ka ka san nawa aka cuce ka. A nan fa? Wani ya yi awa shida, wani minti shida, a ce an yi daidai?

Malamin Aji: Ba za a taɓa yin daidai ba Baba, kuma ba don daidai ake yi ba. Ka tuna 1958 a Zariya, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu don ba su gamsu da a koya musu zanen Turawa kawai ba. Abin da suka samu, a wurin juna suka same shi. Okeke ya koma wa zanen uli, adon jiki da bango na mutanensa Ibo, ya gina hannunsa a kai. Mu nan kowa yana ɗakinsa. Hoto a waya ba ya nuna kaurin fenti ko inda buroshi ya yi gardama. Sai ka riƙe aikin mutum a hannu za ka san yadda ya yi shi.

Baba Mai Fenti: Waɗanda ka lissafa duk sun sayar da aikinsu da daraja, Malam. Kada a manta wannan ɓangaren.

Malam Mai Zayyana: Ni shawarata, a yi na kullum ɗin, a turo a gani don Auta ta samu 'yan'uwan zama. Amma kada a yi musaya da ko ɗaya daga cikin talatin ɗin. In an gama, kowa ya duba wanda ya fi kama zuciyarsa, ya sake shi daga farko, ya ba shi mako guda. Shi za a aika.

Ɗan Damagaram: In haka ne zan dawo, da sharaɗin kowa ya sa hannu da kwanan wata a baya, kuma a tara su wurin mutum ɗaya kafin a rarraba. Wanda bai aiko ba, ba a aika masa.

Anti Mai Lalle: Ni ban yarda a hana na kwana ɗaya ba. Wani lokaci zanen farko yana da rai, in ka sake shi sai ya mutu. A bar wa mai shi ya zaɓa.

Autar Samaru: Anti, mu tsayar da wannan gobe. Ga na yau dai, tun kafin watan ya kama. Butar mai shayin bakin titinmu ce, baƙar gindi, hannunta an ɗaure da waya. A bayan kwalin sabulu na yi, da biro, sai na jiƙa ganyen shayi na yi mata ruwan ƙasa.

Baba Mai Fenti: Na gani. Har yanzu ina kan bakana, ba zan yi musaya ba. Amma wayar nan da kika sa a hannun butar ta yi, kin kalli abin da idonki. Inuwar ce ta ɓace miki: wuta tana ƙasa ta hagu, ke kuma kin jefa inuwa hagun. Kuma kin danne ta da baƙi tsantsa, shi ya sa ta zama kamar rami. In za ki sake da fenti, haɗa shuɗi da ruwan ƙasa mai duhu, ki bar ɗan haske a gefen gindin inda garwashi ke haskawa. Ki koma wurin mai shayin da asuba kafin gari ya waye, ki tsaya ki duba, sannan ki turo mini.