Idon ƙanena ya yi ɗorawa bayan maganin CAR-T, shawara ce ko hanta?

Uwar Biyu, Mabera:
Assalamu alaikum. Ƙanena ne, shekararsa 31, kansar jini ta kama shi, wadda ake kira limfoma. Kemo, wato maganin kansa da aka fara ba shi, bai ci ba, muka sayar da gonar Baba ta Wamakko aka kai shi Indiya. Can suka ɗebi fararen ƙwayoyin jininsa, suka gyara su don su farauci kansar, suka mayar masa. CAR-T sunan abin. Kwana uku sai zazzaɓi mai zafi, awon hanta na ALT da AST suka hau, aka yi masa wata allura tocilizumab suka sauka. Yau watansa huɗu da dawowa. Jiya da hantsi na dubi idonsa, ya yi ruwan ɗorawa, fitsari kamar shayi ba madara. Inna ta ce shawara ce, har ta jiƙa masa sassaƙe.

Ma'aikacin jinya, Runjin Sambo:
Wa'alaikumus salam Yaya. Wancan zazzaɓin na Indiya garkuwar jiki ce ta harzuƙa, galibi a makonni biyu na farko take yi. Wata huɗu ya yi mata nisa. An taɓa cewa yana da ciwon hanta nau'in B?

Uwar Biyu:
An ce ya taɓa yi, suka ba shi maganinsa, entecavir. Kwalin ya ƙare bayan Sallah, ya ce ai ya warke.

Ma'aikacin jinya:
To, nan nake zargi. CAR-T ɗin ga ba kansar kaɗai yake kashewa ba, har lafiyayyun fararen ƙwayoyin jini da ake kira B, masu yi wa jiki kariya, yake kwashewa, wata da watanni. Cutar da ta kwanta a hanta sai ta farka, entecavir ɗin ne ke danne ta. Yau ɗin nan ku kai shi UDUTH, asibitin koyarwa na Sakkwato, wurin likitocin jini, da takardunsa na Indiya duka. Za su auna jininsa don su ga lafiyar hanta da yawan ƙwayar cutar, wato bilirubin, ALT, INR da HBV DNA, wataƙila da ferritin. Kada ya sha farasitamol sai likita ya ce. In ya fara yawan barci ko magana ba kan gado, ko da tsakar dare ne ku ɗauke shi.

Baba Tela, Kofar Marke:
Allah ya ba shi lafiya ɗiyata. Sassaƙen dai a aje, hantar da ta gaji ba a ƙara mata kaya. Amma kada ki yi wa Inna faɗa, ita ta ga gona ta tafi. Ki tafi da ita asibitin, ta ji daga bakin likita.

Uwar Biyu:
Ta yarda, tana neman mayafinta. Kwanon jiƙon na ɓoye bayan randa.