Sakin ƙarfe a ƙasa: ya abin yake a wurinku?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan Isha'i na kusa rigima a gidan motsa jikin da nake zuwa. Wani matashi ya gama da dambel (gajeren ƙarfen da ake ɗagawa da hannu ɗaya) biyu masu kilo 30, maimakon ya ajiye sai ya watsar da su yana kwance kan benci. Ɗaya ya yi tsalle ya gangaro, saura ƙiris ya hau mini babban yatsa. Na ce, "Ɗan'uwa, a dinga ajiyewa a hankali mana." Wai shi haka ya ga ƙwararru suna yi a YouTube. Na haɗiye na koma gefe. Ku ma kuna fama, ko ni ne mai ƙorafi?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ƙwararrun da yake kallo ba irin ƙarfenmu suke ɗagawa ba. Na gasar Olamfik faifan roba ne mai kauri, dama don a sake shi aka ƙera shi: ja kilo 25, shuɗi 20, ruwan ɗorawa 15, kore 10, kuma kan dandamali na musamman yake faɗawa. Wanda ya cilla kilo 150 sama da kansa, in ya ce sai ya sauke a hankali, kafaɗa da gadon baya ne za su biya kuɗin. Ko su ma da doka: a gaba ake saki, kuma hannu ba ya barin sandar da ke ɗauke da faifan sai ta sauko ta wuce kafaɗa. A ɗaya gasar kuwa, wadda ake ciro ƙarfe daga ƙasa a miƙe da shi, in ka saki daga hannu alƙalai soke ɗagawar suke yi. Dambel na zallar ƙarfe a kan tayil? Wannan ba ƙwarewa ba ce, neman a kalle shi ne.

Mai Jim a Kaduna: Allah ya saka, Malam. Ni nake biyan kuɗin wannan burgar. Wurina a bene yake, ƙasa kuma shagon magani. Mai shagon ya hau sau biyu yana cewa kwalabe na rawa a kan kanta. Tayil na canza har na gaji, na shimfiɗa roba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne dambel mai noti: duk faɗuwa kan yana ƙara kwancewa, ba wanda ya lura, sai ranar da wani ya ɗaga shi saitin fuska. Akwai sanda guda da ta lanƙwashe, in ka gangara ta a ƙasa sai ka ga tana ɗingishi.

Maman Biyu: Ku kuna maganar ƙara, mu namu daban ne. Lokacin mata da safe ne, kuma kullum sai mun tarar da aikin da maza suka bari da dare. Injin tura ƙafa, faifai huɗu masu kilo 20 kowane gefe. Ranar nan ni da wata Hajiya da ke fama da gwiwa muka tsaya cirko-cirko, sai maigadi muka kira ya sauke. Wanda ya iya ɗora kilo 160 ai ya iya saukewa. Zufar da ke bushewa kan benci kuwa ba zan ma fara ba, da tawul biyu nake zuwa.

Ɗalibi a Samaru: Mu a ƙarƙashin darbejiya muke yi. Siminti muka zuba a gwangwanin madara muka soka bututu, sai wani tsohon ƙarfen injin mota da bakanike ya ba mu. Ba mai saki, domin kowa ya san wahalar kwaɓin. Wanda ya fasa, shi zai sayo siminti, kuma sai an jira kwanaki ya bushe kowa yana hararsa.

Baƙo a Amurka: A nan gidajen motsa jiki na Planet Fitness har jiniya suke da ita a bango, ana kunna wa mai sakin ƙarfe ko mai gurnani. Na farko da na ji na zaci gobara ce.

Ba Suna: Ni fa na taɓa saki, kuma ban yi nadama ba. Cikin azumi ne, kafin shan ruwa, na kwanta tura kilo 80 ba mai tsaya mini. A turawa ta shida hannu ya mutu, sanda ta zauna a ƙirji. Allah ya sa ban sa maƙallin da ke riƙe faifan ba, na karkata gefe faifan suka zube, ɗaya gefen ya bi. Ƙarar ta tara mutane. Kocin bai yi faɗan tayil ba, cewa ya yi, "Me ya hana ka kira wani?" Girman kai ne, ba komai ba.

Ɗan Kurna: Na gode ƙwarai. Yau na sake haɗuwa da yaron. Ban yi masa wa'azi ba, na dai tsaya a kansa na karɓi dambel ɗin da ya gama. Ya ce, "Na gode, Yaya." Amma faifan da ya ɗora a sanda yana nan inda ya bar shi, ni na sauke.