Manhajata tana tashi idan an danna fayil, amma ba ta buɗe shi

Malam Sani:

Assalamu alaikum. Na rubuta wata ƙaramar manhaja da harshen C++ da kayan haɗa manhaja na Qt wadda masu shaguna ke rubuta ciniki da bashi a cikinta, kuma tana ajiye bayananta a fayil mai wutsiyar .lissafi, wato ƙarshen sunan fayil da ke nuna nau'insa. Da Inno Setup na haɗa manhajar girkawa, na kuma sa ta rubuta wutsiyar a rajistar Windows, wato ma'ajiyar saituttukansa, don haka idan aka danna fayil sau biyu manhajar tana tashi. Sai dai abubuwa uku sun hana ni sakat. Fayil mai suna ciniki.lissafi yana buɗewa lafiya ƙalau, amma wanda aka sa wa "bashin watan azumi.lissafi" sai ya fito da shafi wayam, tare da saƙon cewa ba a sami fayil mai suna "bashin" ba. Na biyu, wani mai sayar da ƙwai ya sa wa nasa suna kuɗinƙwai.lissafi, babu tazara ko ɗaya a ciki, shi ma ya ƙi buɗewa. Na uku, akwai kwamfuta ɗaya da har yanzu Notepad ke buɗe fayilolin a cikinta, duk da na cire manhajar na sake girka ta sau biyu. Mutanen nan amanar kuɗinsu suka ba ni, kuma ganin shafi wayam yana sa su zaci lissafinsu ya salwanta. Ina neman shawara.

Malama Hadiza:

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Matsalarka ta farko tana cikin layin umarnin da ka rubuta a rajista ƙarƙashin shell\open\command. Windows yana maye gurbin %1 da cikakkiyar hanyar fayil ɗin, kuma idan ba ka kewaye shi da alamar zance ba, duk inda aka sami tazara a suna sai a yanke shi a nan, manhajarka ta karɓi "bashin" daban, "watan" daban, "azumi.lissafi" daban, ita kuma ta farko kawai take dubawa. Ka rubuta shi kamar haka: "C:\Program Files\Lissafi\lissafi.exe" "%1". Ka lura cewa hanyar manhajar kanta tana bukatar alamar, domin akwai tazara a cikin Program Files.

Tun da ka riga ka buɗe rajistar, ka tabbata wutsiyar tana nuni ne ga wani suna na musamman da ka ƙirƙira wa nau'in fayil ɗinka, kamar Lissafi.Littafi, sannan a ƙarƙashin wannan sunan ne za ka sa umarnin buɗewa da DefaultIcon na tambari. Ka kuma ƙara ChangesAssociations=yes a sashen Setup na Inno Setup, domin ya sanar da Explorer, mai nuna fayiloli a Windows, cewa an yi sauyi, in ba haka ba tsohon tambarin yana iya zama har sai an sake kunna kwamfutar.

Malam Bashir:

Abin da Malama Hadiza ta faɗa daidai ne, amma ba zai warkar da fayil ɗin mai ƙwai ba, domin ciwonsa daban ne. Ina kyautata zaton kana ɗauko sunan ne kai tsaye daga argv na main, wato jerin kalmomin layin umarni da ake miƙa wa manhaja idan ta tashi. A Windows, wannan hanyar tana bi ta tsohon tsarin haruffa na kwamfutar, wanda a galibin kwamfutocin da ke hannunmu shi ne 1252 na harsunan Yammacin Turai, kuma ƙ da ɗ da ɓ ba su cikinsa. Kafin sunan ya iso hannunka an riga an musanya waɗannan haruffa da alamar tambaya ko wani harafin, saboda haka manhajarka tana neman fayil ɗin da babu shi a duniya. Ni ma na taɓa ɓata kwana biyu ina zargin rajista a kan wani fayil mai suna ɗalibai, alhali kuwa harafin farko ne ya lalace a hanya. Maganin yana hannunka tun da Qt kake amfani da shi: ka karɓi sunan daga QCoreApplication::arguments(), ka buɗe shi da QFile, kada ka juya shi zuwa std::string, wato nau'in rubutu na C++, a tsakani. Tun daga Windows 10 fitowar 1903 ana iya tilasta UTF-8, tsarin haruffa da ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, ta hanyar saitin activeCodePage, amma ban so ka dogara da shi ba, ganin cewa akwai shaguna da yawa da ke kan tsofaffin kwamfutoci.

Batun Notepad kuwa, kusan tabbas mai kwamfutar ya taɓa zaɓarsa da hannunsa. Wannan zaɓi yana zaune ne a wani wuri cikin rajista mai suna UserChoice, ya kuma fi ƙarfin duk abin da manhajar girkawa za ta rubuta, kuma tun daga Windows 8 aka sa masa hatimin da ke hana manhajoji sauya shi a ɓoye. Ina roƙonka kada ka nemi dabarar karya hatimin, domin kwamfutar tasa ce, zaɓin ma nasa ne. Ka nuna masa ya danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, ya shiga Open with, ya zaɓi manhajarka, ya amince a riƙa amfani da ita kullum.

Malam Usman:

Ina da ƙari ɗaya da zai taso nan gaba. Idan manhajar tana buɗe kuma mutum ya sake danna fayil ɗin da ke ciki, Windows zai tayar da kwafi na biyu, kuma wanda ya ajiye daga baya zai shafe aikin ɗan'uwansa, abin da ba ƙaramar asara ba ce a littafin bashi. Da QLocalServer da QLocalSocket na Qt, kwafi na biyu zai iya miƙa wa na farko hanyar fayil ɗin sannan ya rufe kansa. Idan kuma wata rana ka kai manhajar macOS, ka sani cewa a can sunan ba ya zuwa ta layin umarni idan an danna fayil, sai dai ta QFileOpenEvent, bayan ka bayyana nau'in a CFBundleDocumentTypes na Info.plist, fayil ɗin da ke bayyana manhaja a macOS. A Linux kuma layin MimeType da %f na fayil ɗin .desktop ne ke wannan aikin.

Malam Sani:

Allah ya saka muku da alheri. Na sa alamar zance, na kuma koma kan arguments() da QFile, yanzu bashin watan azumi da kuɗin ƙwai duk suna buɗewa. Mai Notepad ya tuna cewa ɗansa ne ya taɓa gwada leƙa fayil ɗin, mun gyara ta waya cikin minti biyu. Malam Usman, na gwada abin da ka faɗa, kwafi biyu sun tashi kuwa, na biyun ya shafe layi huɗu da na rubuta a na farko. Na dakatar da raba sabon fitowar har sai na gama wannan gyaran.