Kuɗin inshorar ambaliya yana hawa kowace shekara: mu daina biya ko mu daure?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar inshorar ambaliya a Amurka. Gidanmu yana wata unguwa ta gaɓar teku, kuma shekara huɗu ke nan duk lokacin da takardar sabunta inshora ta iso sai mu tarar an yi ƙari, alhali ruwa bai taɓa shiga ɗakunanmu ba. Iyakar abin da muka gani shi ne ranar da teku ta cika, ruwa ya ɓullo ta magudanar titi ya kwanta a ƙofar gida har muka kasa fitar da mota. Bara muka gama biyan bashin gidan, saboda haka banki ba ya tilasta mana yanzu, kuma maigida ya fara cewa gara mu daina biya mu riƙa ajiye kuɗin. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Me ya jawo wannan ƙari, kuma yaushe zai tsaya?

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Yawancin masu inshorar ambaliya suna ƙarƙashin shirin inshorar ambaliya na gwamnatin tarayya ne, wato NFIP, wanda aka kafa a 1968, hukumar agajin gaggawa ta FEMA kuma take gudanarwa. Shekaru da dama ana yanke farashi bisa taswirar yanki, ta yadda gidan da ke dab da ruwa da wanda ke can baya kan biya kusan abu ɗaya, kuma kuɗin da ake tarawa bai kai girman haɗarin ba. Da guguwar Katrina ta zo a 2005, Sandy a 2012, sannan Harvey a 2017, diyyar da aka biya ta jefa shirin cikin bashin da har majalisar dokoki ta yafe masa dala biliyan 16 a 2017, amma bai fita ba.

Shi ya sa aka kawo sabon tsarin yanke farashi mai suna Risk Rating 2.0, wanda ya fara aiki a kan sabbin masu shiga a Oktoban 2021, a kan masu sabuntawa kuma a Afrilun 2022. Yanzu kowane gida da nasa lissafin: nisansa da ruwa, tsayin daɓensa daga ƙasa, irin harsashinsa, da abin da za a kashe idan za a sake gina shi. Doka ta hana ƙarin ya wuce kashi 18 cikin ɗari a shekara ga gidan da mai shi yake zaune a ciki, amma irin wannan ƙari idan ya jera shekara huɗu ya kusa ninka kuɗin. Zai tsaya ne ranar da kuka kai cikakken farashin da aka yanke wa gidanku, kuma wakilin inshorarku yana iya gaya muku wannan adadi.

Dattijon Unguwa:
'Yata, ki roƙi maigidanki kada ya bari inshorar ta yanke. Wanda ya bari ta yanke yana iya rasa wannan rangwame na hawa sannu a hankali, idan ya dawo a ɗora masa cikakken farashi, ga kuma jiran kwana 30 kafin sabuwa ta fara aiki. Inshorar gida ta yau da kullum kuwa ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Kada kuma ki dogara da cewa ruwa bai taɓa shiga ba, domin a yankin da ake cewa haɗarinsa kashi 1 cikin ɗari ne a shekara, lissafin shekara 30 yana kaiwa kashi 26. Na ga maƙwabcin da ruwa ya shiga gidansa iya ƙauri kawai, amma sai da aka yanke bangon ɗakuna zagaye, aka fitar da katifu da firji aka jibge a bakin titi.

Abin da na yi shi ne na kira safiyo ya auna tsayin gidan ya ba ni takardar shaida, na ɗaga na'urar dumama ruwa da ta sanyaya ɗaki daga ƙasa, na kuma sa aka buɗe ƙofofin wucewar ruwa a harsashi. Ki kuma bincika ko garinku yana cikin tsarin CRS na garuruwan da suka ɗauki matakan kare ambaliya, wanda ke rage wa mazauna gari kuɗin inshora daga kashi 5 zuwa 45 cikin ɗari.

Bintu ta Gaɓa:
Baba, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, sai dai ina jin zafin yadda lamarin ke faɗa wa masu ƙaramin ƙarfi. Ba kowane mazaunin gaɓar teku ne attajiri ba. Akwai masunta da 'yan fansho da suka gaji gidajensu, ba su da kuɗin ɗaga gini, kuma idan sun so sayarwa mai saye yana ganin kuɗin inshora sai ya ja da baya. Wannan na cikin abin da ya sa jihar Luwiziyana da wasu jihohi suka kai ƙarar FEMA kotu a kan sabon tsarin a 2023. A Birtaniya an kafa shirin inshorar ambaliya na Flood Re a 2016 domin sauƙaƙa farashi har zuwa 2039, aka kuma cire gidajen da aka gina daga 2009 don kada a ƙarfafa gini a kan hanyar ruwa. A ganina ya kamata a faɗa wa kowa gaskiyar haɗarin gidansa, sannan a tallafa wa mai ƙaramin ƙarfi gwargwadon samunsa.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida amsoshinku, ya amince mu sabunta ta bana. Baba, don Allah ko takardar safiyon ta rage maka kuɗin tun a shekarar farko, ko kuwa sai da lokacin sabuntawa ya zagayo?