Fitilar batir ta kama a bas ɗina, batir ɗin kuwa sabo ne

Direban Kano zuwa Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu riƙe da sitiyari. Hiace nake ja, mai injin 2RZ na fetur. Kwanan nan jar fitilar batir ta fara kamawa a dashbod, ta birki ma tana biye da ita alhali na sauke hambirki. In na taka totur sai su dushe, in na shiga gosulo su dawo. Maigidan motar ya ce in mayar wa mai batir kayansa. Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya ba mu labari, don Allah.

Mai rewaya

Wa alaikumus salam. Oga, ƙyale mai batir, ba shi da laifi tukuna. Fitilar nan hoton batir ne a jikinta, amma ƙarar altaneta, na'urar da ke cajin batir, take kawo maka: wutar da yake turawa ba ta isa. Ta birkin kuma a Toyota da yawa hanyarsu ɗaya wajen gwajin ƙwai, shi ya sa in caji ya faɗi sukan kama tare. Duk da haka leƙa man birkinka, kada a ɗora wa altaneta abin da ba nasa ba.

Nemi mai mita ya ɗora a kan batir. Mota a kashe, lafiyayyen batir yana nuna volt 12.4 zuwa 12.6. In an tada inji ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. Kunna fitilun gaba da fanka ka sake dubawa. In ya tsaya a 12 ko yana zamewa ƙasa, babu caji. Yadda ka ce tana dushewa da totur, zargina na farko bel ya yi sako-sako, na biyu burushin kabon ya cinye. Burushi ɗan abu ne mai araha, amma na sha ganin an sayar wa direba altaneta sukutum saboda shi.

Tsohon direba

Nawa bel ne, kuma tsinkewa ya yi gaba ɗaya. Da daddare ne, mun wuce Kwanar Ɗangora da cikakken lodi. Na ji wani fat a ƙarƙashin kujera, fitilu suka kama. Yaron mota yana cewa mu lallaɓa zuwa Zariya tunda inji na tafiya, ni kuwa idona na kan allurar zafi, ina kallonta tana hawa. Bel ɗin da ke juya altaneta shi ke juya famfon ruwa a injinan nan. Na gangara gefe na kashe. Da muka ɗaga kujera sai ga shi ya zama zare-zare ya naɗe a fule. Tun daga ranar ba na fita tasha sai da bel a ƙarƙashin kujera da sifana mai lamba 12 da 14. Yaro, in fitilar batir ta kama, kalli allurar zafi kafin ka kalli komai.

Ɗan Zangon Kumasi

Baba ya faɗi gaskiya, mu masu dizal abin ya fi haka muni. Tawa 3L ce. Famfon da ke zuƙe iska ya sa birki ya yi laushi a bayan altaneta yake manne. Ranar da bel ɗina ya tafi, taku biyu uku na yi, birki ya ƙage, sai da na miƙe a kansa da ƙarfina kafin mota ta tsaya. Fitilar tace mai ma ta kama tare da sauran, har na ɗauka ruwa ne ya shiga dizal. A Suwame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, aka gyara mini, mai gyaran ya nuna mini yadda baƙin mai ke yoyo daga famfon yana shiga cikin altaneta yana jiƙa burushi.

Yaron gareji

Mu a wajenmu ba sai da mita ba. A tada mota a cire kan batir, in ta mutu altaneta ne.

Mai rewaya

Ƙanena, bar wannan gwajin. Ya yi aiki a zamanin motocin kafireto da ba su da kwamfuta. Batir shi ke shanye wutar da ta yi tsalle. Ka cire shi inji na juyawa, tsallen nan sai ya nufi ƙwaƙwalwar mota.

Mai Hummer bas

Ni aka yi wa. Wani mai rewaya a bakin hanya ya fizge kan batir ɗin 2TR ɗina yana murmushi, wai zai nuna mini. Mota ta mutu, ba ta ƙara tashi ba sai da aka nemo wata ƙwaƙwalwar a Ƙofar Ruwa. Asalin matsalar kuwa ashe wayar da ke haɗa inji da jikin mota ce ta yi tsatsa. Goge ta aka yi da sanfefa, caji ya dawo 14.

Mai motar 'yan makaranta

Salamu alaikum. Ni ba direba ba ce, amma ni ke biyan kuɗin gyara. Tawa babu fitilar da ta kama ko ɗaya. Yara ne suka fara ƙorafin warin ruɓaɓɓen ƙwai a mota, sannan ƙwan fitilun gaba suka riƙa ƙonewa ɗaya bayan ɗaya, ruwan batir kullum a ƙafe, gefensa ya kumbura. Har na fara zargin direba da sayar da batir yana kawo tsoho. Da aka auna, 16 mita ta nuna.

Mai rewaya

Hajiya, regileta, mai daidaita wutar da altaneta ke turawa, ita ce ta saki linzami. Duk abin da ya haura 15 dafa batir yake yi, kuma iskar da ke fita tana kama wuta, kada a kusance shi da sigari. Allah ya tsare yaran nan.

Wani abu da direbobi ke mantawa: in ka murɗa makulli kafin ka tada inji, dole fitilar batir ta kama, sannan ta mutu in inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, ƙwanta ya ƙone ko wani ya cire don a sayar da mota. A tsofaffin Marsandi 207 ta cikin ƙwan nan ɗan wutar farko ke bi ta tada altaneta, don haka ƙwan da ya ƙone kan hana caji sai an taka totur sosai.

Tsohon direba

Da fitilar batir, in bel na nan, za ka iya kashe rediyo da fanka ka lallaɓa zuwa gari mafi kusa da rana. Ta mai kuwa, mai hoton buta, ko a tsakiyar dajin Falgore ta kama maka, kashe inji a wurin.

Direban Kano zuwa Kaduna

Na gode ƙwarai. Malam mai rewaya, in burushin ne, a buɗe nawa a canja, ko in ɗauko na Beljiyam a Panteka?

Mai rewaya

A buɗe naka. In zoben tagullar da burushi ke gogawa bai yi rami ba, diyod ɗin kuma lafiya, burushi kawai za a sa. Na Beljiyam ma kada ka biya sai an juya shi a gabanka ka ga abin da mita ta nuna.