Musayar Waƙa: Giwan Ruwa a Farin Faranti

Ɗan Kabi:
Salamu alaikum 'yan zaure. Wanga sabon gidan abinci na manya da anka buɗe nan Argungu, abokin aikina yaj ja ni can daren jiya. Ga rahoto ƙwar biyu, amsa-amo "ci". Mai iyawa shi ɗora.

Na shiga ɗaki sanyi ya mare ni,
Fitila dishi-dishi mai sa barci.

Yaro ya taho da baƙar kwat tasa,
Yaj ja mini kujera don karamci.

Wuƙa da cokali da mai yatsu huɗu,
An jera su, ni ko na zo in ci.

Nic ce a kawo min giwan ruwa,
Ni ɗan Kabi ne, jikan masunci.

Munka yi zaune har anka yi isha'i,
Ruwan gora ɗai, babu abinci.

Can sai ga faranti fari fat, ƙato,
Yanka guda tsakiya, wai shi za a ci.

Shinkafa an kihe ta da ɗan kofi,
Miya ɗigo uku gefe, wulaƙanci.

Da takardar kurɗi taz zo nid duba,
Miyan bakina sai da yay yi ɗaci.

Nif fito nin nufi bakin tasha,
Gun mai tsire nih huce takaici.

Bazamfare:
Sannu da wahala, Yaya. Amma bari a faɗi abin da ka rage.

Ɗan Kabi kai dai faɗi gaskiya,
Cokali mai yatsa ya ba ka wuya,
Wuƙa a dama ta zame maka tsiya,
Ba rowarsu ba ce, naka ƙauyanci.

Ka saba da akushi da gora,
Da hannu kake yi, ka sha ka ƙara,
Yau an ce zauna ka ɗan jira,
Ka taso mu da waƙar takaici.

Ɗan Kabi:
Ji wanda yat tashi da cin hoce,
Wai shi za ya gwada min abin da yad dace,
In an aje kihi gabanka ka kauce,
Ƙaya guda ta ishe ka ka zauce,
Kai da giwan ruwa babu zumunci.

Hajiyar Jega:
Allah ya ja da ranka ɗan Kabi! Har da ƙarin ɗango na biyar, gyara ce aka yi wa Gusau. A kawo masa ruwa ya sha.

Ɗiyar Mafara:
Hajiya, ai 'yar gida ba ta alƙalanci. Ya fara da ƙwar biyu ya koma ƙwar biyar, ke kuma kina tafi.

Hajiyar Jega:
'Yata, in mutum ya fito daga garin da ake bikin kamun kifi tun 1934, har UNESCO ta sa bikin cikin kayan gadon duniya a 2016, to in ya yi maganar kifi a yi shiru a saurara.

Bazamfare:
Hajiya ta kawo tarihi, to ga taswira: daga Gusau, ta madatsar ruwa ta Bakolori, zuwa Matan Fada inda kuke bikin.

Ruwan da kuke taƙama a Matan Fada,
Ta Gusau ya biyo ƙarƙashin gada,
Bakolori ta tare shi, tana nan shaida,
Ragowarmu kuke su da wanka da ci.

Ɗiyar Mafara:
Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ina Ɗan Kabi? An yi shiru.

Mai Albasa:
Ku yi haƙuri yanzu na dawo daga kasuwa, ban karanta duka ba. Ga nawa.

Ni dai abin da na sani a Aliero,
Albasa tamu ce ko'ina aka je,
Wadda suka yanka zobe-zobe suka ɗora maka a kan kifin,
Buhu nawa suka saya? Ku tambaya mini farashinsa.

Malam Ɗan Gwandu:
Inna lillahi. Mai Albasa, wannan ba baiti ba ne, cigiya ce. Ɗango na biyu gaɓa 12, na uku gaɓa 20. Ƙaramin amsa-amo babu, babban ma da aka ce "ci" kai ka rufe da "sa". Shi ma Bazamfare kada ya yi dariya: baitin ruwan nan ɗangon farko gaɓa 13, na biyu 11, sai da numfashina ya sarƙe kafin in isa Matan Fada.

Ɗiyar Mafara:
Allah gafarta Malam, aruli ai ba ƙidayar gaɓa ba ne, awon nauyi ne. Gaɓa biyu marasa nauyi sukan tsaya a madadin mai nauyi ɗaya, don haka 13 da 11 ba hujja ba ce ita kaɗai. Kuma mu a Zamfara makaɗan fadar Maradun da Bakura da kotso suka auna waƙarsu, ba wanda ya ce musu ta karye.

Malam Ɗan Gwandu:
Waƙar baka daban, rubutacciya daban. Mai kotso yana da kiɗa da 'yan amshi da za su rufa masa asiri, ya ja gaɓa ko ya haɗiye ta. Mai rubutu ba shi da kowa sai alƙalami. Batun nauyi kuwa, na auna kafin in yi magana, kuma ko an sassauta ba ya hawa. Ga yadda ake yi, bisa karin waƙa na Mutadarik:

Ku bi sannu da tsarin baitinku,
Ku ji inda gaɓa ke cutar ku,
Kowa na son ya ji waƙarku,
Amma gurgun baiti, ɗaci!

Hajiyar Jega:
Ka ji manya. Gwandu gidan karatu.

Bazamfare:
Malam ya zo da ma'auni da allo,
Muna faɗan kifi, shi yana kallo,
Kowa da kiɗansa, kowa da salo,
Fa'ilun ba ta ƙosar da mai son ci.

Malam Ɗan Gwandu:
Ɗango na huɗu ya fi 'yan'uwansa nauyi.

Bazamfare:
Na sani Malam, da gangan na yi don ka samu abin yi.

Mai Albasa:
Ni fa tambaya ce na yi, aka mayar da ni darasi.

'Yar Yauri:
Kun bar abinci kun koma aji. Ni a irin wannan kicin nake aiki a Birnin Kebbi, ba wancan na Argungu ba, amma duk kanwar ja ce. Yaya Ɗan Kabi, ka yi haƙuri, ga ta ciki.

Da asuba muke tarar masunta,
Giwan ruwa ba a ba da shi kyauta,
A cire kai, a cire ƙaya da fata,
Tsokar tsakiya ita ce ta ci.

Wutar gari ta zo ta ɗauke,
Janareto kwana yake a farke,
Firiza ta tsaya, kifi ya narke,
Asara ba ta san zumunci.

Sanyin da ya mare ka man dizal ne,
Yaro mai kwat ma'aikaci ne,
Gas ɗin girki shi ma kuɗi ne,
Ba a biyansu da takaici.

Ran bikin su baƙi ke ta zuwa,
In an watse sai ƙuda da kewa,
Mai gidan haya ba ya yafewa,
Kai ka biya kuɗin wancan lokaci.

Jiran da ka yi kuwa, sai an yi oda ake ɗora kifin a wuta, ba a tukunya yake yana jiranka tun hantsi ba. Ɗigon miya dai ban kare shi ba, ni ma ina faɗa da shugaban kicin a kansa. Bahaushe ba ya cin shinkafa a bushe.

Ɗiyar Mafara:
Wallahi wannan ita ce waƙar yau. Kuma 'yar Kebbi ce ta kayar da ɗan Kebbi, mu namu kallo.

Hajiyar Jega:
'Yar Yauri, ke ma? A gida za a yi mana haka?

Ɗan Kabi:
Sabis yad ɗauke tun azahar, yanzu niga an tara min bashi. Bari in fara da mai taswira.

Ruwa ya bi ta Gusau bai tsaya ba,
Ya ga babu homa, bai zauna ba,
Sai Kabin Kanta, bai yi kuskure ba,
Nan yat tara kihi da masunci.

Kuma ƙanena, a riƙa girmama na gaba. Mu munka fita daga jihar Sakkwato 1991, ku sai 1996. 'Yar Yauri ke kuma ina zuwa. Na ji batun dizal, amma shinkafa fa? A fadamar nan muka noma ta, nan garin aka cashe ta, ba jirgi ta hau ba. Mi yas sa kofi guda?

'Yar Yauri:
Mai zuwa can ba ƙoshi yake nema,
Wurin zama ne da sirrin magana,
Ɗan kwangila da manajan banki na nan,
In ƙoshi ne, buka na da sauƙin ci.

Malam Ɗan Gwandu:
Nema, magana, nan. Ina amsa-amon?

'Yar Yauri:
Yana kan wuta Malam, da hannu ɗaya nake rubutu.

Ɗiyar Mafara:
Ku dakata, akwai abin da aka tsallake.

Tambaya guda Yaya, kada ka ɓoye,
Aboki ya ja ka, kai ka cinye,
Da takarda ta zo hannu ka janye,
Wa ya biya, wa ke kukan ɗaci?

Bazamfare:
Allahu akbar! A rufe zaure, an gama. Ashe kukan aljihun wani yake yi mana.

Ɗan Kabi:
Wanga sirrin ofis ne, ba a kawo shi cikin waƙa.

Hajiyar Jega:
To ko wa ya biya, ai ido ya ga takarda. Mai tausayin kuɗin abokinsa ɗan halak ne.

Malam Ɗan Gwandu:
Ban gama da 'Yar Yauri ba. Baitinki na uku: ne, ne, ne. Maimaita kalma guda aibi ne wajen masana ƙafiya, ba gwaninta ba.

Ɗiyar Mafara:
To Malam, Ɗan Kabi fa? Ba, ba, ba, sau uku a jere, ga shi nan sama kaɗan. Shi ba ka gan shi ba? Ko ma'aunin yana da jiha?

Malam Ɗan Gwandu:
Ni mutumin Gwandu a ce ina kare Bakabe? Ki tambayi tarihi irin yaƙin da aka sha tsakanin Gwandu da Argungu a ƙarni na 19. Ban iso kansa ba ne, bi da bi nake yi. Zan dawo bayan magariba.

Bazamfare:
Kafin Malam ya dawo da sanda,
Ɗan Kabi zo Gusau mu yi shaida,
Hoce da kilishi, kai za ka biya da kanka,
Mu ga ko hannun yana shiga aljihu bayan ci.

Mai Albasa:
'Yar Yauri, tunda ke ce a kicin, ku wa ke kawo muku albasa?